Kafin ka ce monitar ta lalace: wa ke miƙa hoton, katin kwamfuta ko ita monitar?

Duk wanda ke leƙa shagunan 'yan'uwanmu masu aikin kwamfuta a nan Kudu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba, har Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, ya san wannan abin ko da bai san sunansa ba. Za ka ga monita babba mai kyau, amma hoton da ke cikinta a baje: fuskar mutum ta yi faɗi kamar faranti, agogon da ya kamata ya zama zagayayye ya koma ƙwai, rubutu kuma ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Wani kuma nasa hoton tsukewa ya yi a tsakiya, baƙi ya cinye hagu da dama. Idan ka tambayi mai shago sai ya ce ai tokumbo ce, haka ya saye ta, in kuɗi sun samu zai canja.

Sau da yawa monitar nan lafiyarta ƙalau. Saiti ne kawai. Kuma abin ba na ado ba ne kaɗai, yana taɓa aljihu. Ɗauki mai zana tambari ko katin biki. Monitarsa tana baje hoto, shi bai sani ba. Ya zana da'ira, ya ga ta fito kamar ƙwai, sai ya matse ta da hannu har ta yi daidai a idonsa. To a zahiri yanzu ne ya lalata ta. Sai an kai aikin Shomolu an buga kwafi ɗari biyar sannan a ga tambarin ya tsuke, mai kaya ya ce bai karɓa ba. Haka abin yake ga mai gyaran hoton fasfo. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu warware maganar daga tushe, domin da yawa daga cikinmu sun iya aikin, wannan ɗan ɓangaren ne kawai ba wanda ya taɓa yi musu bayaninsa da Hausa.

Monita rezolushan ɗaya gare ta

Monitar zamani, irin mai falle ɗin nan da ake kira LCD ko LED, an ƙera fuskarta ne da ƙananan ɗige-ɗige masu haske, su ake kira fiksel. Adadinsu a ƙirge yake tun daga masana'anta, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan aka ce monita 1920 x 1080 ce, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, layi 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Mai 1366 x 768, wadda ita ce fuskar yawancin laftaf ɗin tokumbo da ke hannun jama'a, ɗigo 1,049,088 gare ta, wato kusan rabin waccan. Wannan adadi shi ne rezolushan ɗinta na asali. Zan riƙa kiransa na haihuwa, domin da shi aka haife ta.

Jerin lambobin da Windows ke nuna maka idan ka shiga saitin sikirin, su 800 x 600 da 1024 x 768 da 1280 x 720 da sauransu, ba ya nufin monitar tana iya zama kowanne daga cikinsu. Yana nufin za ta iya karɓarsu ne, a shimfiɗa mata su a kan ɗigon da take da shi. Tsofaffin monitoci masu ƙeya, irin na kafe a shekarun 2000, ba haka suke ba. Su harbin haske ake yi a kan gilashi layi-layi, don haka kana iya sauya rezolushan hoton ya fito tas ko ta yaya. Ina ganin daga nan ne mutane da yawa suka gaji tunanin cewa rezolushan abu ne da kake murɗawa kamar ƙarar rediyo. A mai falle ba haka ba ne.

Misalin da na fi so shi ne kiret ɗin ƙwai. Gurbi talatin ne da shi. Idan ƙwai talatin gare ka, kowanne ya shiga gurbinsa, magana ta ƙare. To idan ashirin ne fa, kuma aka ce dole kowane gurbi ya samu? Sai dai a fasa, a raba ƙwai biyu a gurbi uku. Daidai wannan lissafin ne ake yi idan ka sa 1280 x 720 a monita mai 1920 x 1080: kowane ɗigo biyu na hoton dole su cike gurbi uku. Tunda ba a raba ɗigo gida biyu, sai na'urar ta gauraya launin maƙwabta ta ƙirƙiro na tsakiya. Baƙin harafi da farin shafi su haɗu su ba da toka-toka a gefe. Dishi-dishin da kake gani ke nan. Ba datti ba ne, ba kuma tsufa ba ne.

Tela biyu, yadi ɗaya

Wannan aikin miƙa hoton dole wani ya yi shi, kuma masu iya yinsa biyu ne.

Na farko yana cikin ita monitar. Akwai ɗan guntun na'ura a allon da ke bayanta wanda aikinsa ke nan: ya karɓi duk abin da kwamfuta ta turo ya daidaita shi da fuskar. Na biyu kuma shi ne katin hoto na kwamfutar, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, ko na NVIDIA ne ko AMD, ko kuma na Intel da ke manne a cikin furosesa, wanda shi ne a yawancin HP da Dell da Lenovo na ofis da ake shigowa da su.

Bambancin shi ne abin da ke bi ta cikin waya. Idan monita ce ke miƙawa, kwamfuta tana turo ƙaramin hoton ne yadda yake, 1280 x 720 misali, monitar ta san yadda za ta yi da shi. Idan kati ne ke miƙawa, shi zai gama ɗinkin tun a gida, ya mai da hoton 1920 x 1080, sannan ya tura. Monitar ba ta ma san an sauya komai ba. A wajenta rezolushan ɗinta na haihuwa ne ke zuwa kullum.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce zuciyar batun. Monita mai araha tana da jerin siginar da ta sani, abin da ya fita daga jerin sai ta yi baƙi ta rubuta maka "Out of range" ko "Input not supported". Wata kuma za ta karɓa, amma hanya ɗaya ta iya: ta baje hoton ya cika ko'ina, ko ya yi kyau ko bai yi ba, kuma babu maɓallin hana ta. Da ka miƙa aikin ga kati, duk wannan taurin kan ya zama ba ruwanka da shi. Fuskar laftaf kuwa galibi ba ta da nata telan ma, kati ne ke yin komai tun farko.

Wasu 'yan gem suna cewa miƙawar kati tana ƙara jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. A katunan yanzu abin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma ba kowace monita ce ta fi kati sauri ba. Ni dai a ra'ayina, ga mai bizines senta ko shagon gem a unguwa, wannan ba abin da zai hana shi barci ba ne.

Ko waye ke miƙawar, akwai zaɓin yadda za a yi ta. Ana iya cika fuskar gaba ɗaya ba tare da kula da siffa ba, wannan shi ke haifar da fuskar faranti. Ana iya faɗaɗa hoton amma a kiyaye siffarsa, inda ya gaza a bar baƙi. Misali 1024 x 768 a kan 1920 x 1080 zai zama 1440 x 1080, a bar ɗigo 240 baƙi a hagu, 240 a dama. Mutane na ƙin wannan baƙin, suna ganin an cuce su wani yanki na monitar da suka biya kuɗi, amma shi ne alamar cewa da'irarka da'ira ce. Ana kuma iya ƙin miƙawa sam, a ajiye hoton a tsakiya ɗigo-da-ɗigo, ya fito tas amma ƙarami.

Akwai na huɗu da ya shigo direbobin Intel da NVIDIA da AMD a shekarar 2019, wato ninkawa da cikakkiyar lamba, a menu za ka ga an rubuta "Integer scaling". Shi ba ya gauraya launi. Kowane ɗigo ɗaya sai ya zama huɗu, biyu a kwance biyu a tsaye, ko tara. Yana aiki da kyau ne inda lissafin ya raba daidai: 960 x 540 a kan 1920 x 1080, ko 1280 x 720 a kan 2560 x 1440, ko 1920 x 1080 a kan 3840 x 2160 da ake kira 4K. Tsofaffin katuna da yawa ba su da shi.

Inda ake taɓawa

A NVIDIA, danna dama a kan fuskar kwamfuta ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga "Adjust desktop size and position". Nan za ka ga "Aspect ratio" mai kiyaye siffa, da "Full-screen" mai bajewa, da "No scaling" mai ajiyewa a tsakiya. A ƙasa akwai "Perform scaling on", inda za ka zaɓi GPU, wato kati, ko "Display", wato monita. Akwai kuma ɗan akwatin da idan ka yi masa alama, zaɓinka zai rinjayi na gem ko wata manhaja da ke son yin gaban kanta. A AMD abin yana cikin manhajarsu ta Adrenalin, ɓangaren "Display": ka kunna "GPU Scaling" sannan ka zaɓi "Preserve aspect ratio" ko "Full panel" ko "Center". A Intel, manhajar Graphics Command Center tana da "Maintain Aspect Ratio" da "Stretched" da "Centered", sai kuma "Maintain Display Scaling" wanda ke nufin a bar wa monita aikin. A wasu direbobin, musamman tsofaffi, waɗannan zaɓuɓɓukan ba sa fitowa ko ba sa dannuwa sai ka fara sauke rezolushan ƙasa da na haihuwa. Idan ka ga sun yi toka-toka, gwada hakan tukuna.

To ta yaya za ka tabbatar wa ke aikin a yanzu? Windows tana faɗa, mutane ne ba sa dubawa. A Windows 10 shiga Settings, System, Display, sannan "Advanced display settings". Za ka ga layi biyu: "Desktop resolution" da "Active signal resolution". A Windows 11 an sauya musu suna zuwa "Desktop mode" da "Active signal mode". Na farko shi ne girman hoton da kwamfuta ke zanawa, na biyu shi ne abin da ke fita ta waya. Idan na farko ya ce 1280 x 720, na biyu ya ce 1920 x 1080, kati ne ke miƙawa. Idan dukkansu 1280 x 720 ne alhali monitar 1080 ce, to monita ce. Ni kafin na taɓa komai a kwamfutar da aka kawo mini da ƙorafin hoto, waɗannan layuka biyun nake fara karantawa.

Rezolushan na ƙirar hannu

Yanzu ga inda aka fi ƙonewa. Wani lokaci lambar da kake so ba ta cikin jerin, sai ka ƙirƙire ta da kanka. Dalilan yin haka suna da yawa. Mai shagon gem da katinsa ba shi da ƙarfi yana son hoto ƙarami don wasan ya daina sarƙewa, kuma da gaskiyarsa: 1280 x 720 ɗigo 921,600 ne, bai kai rabin aikin 1080 ba. Yaran da ke buga Counter-Strike da makamantansa suna son siffar 4:3 a baje, kamar 1440 x 1080 ko 1280 x 960, domin abokin gaba ya yi faɗi a ido. Da gangan suke yin fuskar farantin, faɗin yana ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku. Wani kuma tsohuwar manhajar lissafin kaya gare shi da aka rubuta don 1024 x 768. Wani majigi yake haɗawa a ɗakin taron ƙungiya.

A NVIDIA ana yi ne ta "Change resolution", sai "Customize", sai "Create Custom Resolution". AMD da Intel ma suna da nasu wurin. Abin da nake so a lura da shi a tagar NVIDIA shi ne, kashi biyu ce. Na sama shi ne girman da Windows za ta gani. Na ƙasa, mai suna "Timing", shi ne siginar da za a tura wa monita. Idan ka sauya na sama ka bar na ƙasa ya bi shi, ka ƙirƙiri sabuwar sigina ce, kuma ya rage ga monitar ta karɓa ko ta ƙi. Idan kuwa ka mai da na ƙasa "Manual" ka bar "Active pixels" a kan na haihuwa, 1920 da 1080 misali, to monitar za ta ci gaba da samun abin da ta saba, kati ya yi miƙawar. Hanya ta biyu ita ce mai kwanciyar hankali.

Me ya sa sigina ke da wuyar sha'ani haka? Domin abin da ke bin waya ya fi abin da ido ke gani. Hoton 1920 x 1080 mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, a bisa ƙa'idar da aka saba, ana tura shi ne a matsayin 2200 x 1125. Rarar wani ɗan hutu ne a ƙarshen kowane layi da ƙarshen kowane hoto, gadon zamanin monita mai ƙeya, lokacin da harbin haske ke buƙatar komawa farkon layi. Ka ninka 2200 sau 1125 sau 60, za ka samu ɗigo miliyan 148.5 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 148.5 MHz da za ka gani a tagar. Kowace waya da kowace kafa suna da iyaka. DVI mai layi ɗaya yana tsayawa a 165 MHz. HDMI 1.4 yana kaiwa 340, shi ya sa 4K a kansa ke tsayawa a 30 Hz, linzami ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Idan ka ga CVT-RB a cikin zaɓin, ƙa'ida ce ta rage wancan hutun don siginar ta yi sauƙi, kuma monita mai falle galibi tana karɓarta.

Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Custom Resolution Utility, an fi saninta da CRU, wadda masu gyara ke yawo da ita a filash. Tana da amfani sosai, amma a fahimci abin da take yi. Ita ba hoto take miƙawa ba. Tana sauya bayanin da Windows ke riƙe da shi ne game da monitar, ta ce mata ai wannan monitar tana karɓar kaza da kaza. Lambar da ke saman jerin "Detailed resolutions" ita ake ɗauka a matsayin ta haihuwa, kuma zuwa gare ta kati zai riƙa miƙa na ƙasa da ita idan an kunna miƙawar kati. Idan ka sa lambar da ta fi ƙarfin monitar, kati ba zai rage maka ita ba, tura ta zai yi haka nan, sai ka ga baƙi. Tana zuwa da wani fayil mai suna reset-all, wanda ke goge duk abin da ka sauya. Ka san inda yake kafin ka fara.

Wanda ke son hoton da ya fi ƙarfin monitarsa, hanyarsa daban ce. NVIDIA tana da DSR, AMD tana da VSR, dukansu sun fito a 2014. Kati ne ke zana babban hoto sannan ya matse shi zuwa na haihuwa. Gefen abubuwa yana yin sumul a gem, amma ɗigon monitar na nan yadda yake. Duk wanda ya ce maka zai mai da monitarka 4K da manhaja, ka riƙe kuɗinka.

Sannan wani abu da ke rikita masu shagon gem: ka yi saitin bajewa daidai, ka buɗe wasa, ka ga baƙi a gefe har yanzu. Duba cikin wasan. Idan yana kan "Borderless" ko "Windowed", bai sauya rezolushan ɗin sikirin ba, taga ce kawai ya buɗe. Sai ka mai da shi "Fullscreen" kafin saitin katin ya hau kansa.

Idan lambar haihuwar ce ma babu a jerin

Wannan ya fi kowanne yawa a shagunanmu. Monita 1920 x 1080 ce ko 1440 x 900, amma Windows ta tsaya a 1024 x 768 ta ƙi wucewa. Kafin ka ruga ƙirƙirar rezolushan, duba abu biyu.

Na ɗaya direba. Bayan an yi wa kwamfuta fomat, sau da yawa mai gyara yana sallamar mutum ba tare da ya sa direban katin hoto ba. Buɗe Device Manager, ka duba "Display adapters". Idan ka ga "Microsoft Basic Display Adapter", to direban wucin gadi ne, ba shi da wurin saitin miƙawa ko kaɗan. Sauko da na gaskiya daga shafin kamfanin.

Na biyu waya. Kowace monita tana ɗauke da ɗan taƙaitaccen bayanin kanta da ake kira EDID, kamar katin shaida: sunanta, girmanta, rezolushan ɗinta na haihuwa, da siginar da take karɓa. Da an jona ta take miƙa wa kwamfuta shi. A wayar VGA, mai shuɗin kai ɗin nan mai allura 15 da IBM ta fito da ita tun 1987, bayanin yana bi ne ta allura ta 12 da ta 15. Wayoyi masu arha wasu ba a haɗa waɗannan ba a ciki, wasu kuma allurar ta lanƙwashe ko ta karye. Hoto zai fito, amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba, sai ta rubuta "Generic Non-PnP Monitor" ta ba ka lambobin da ta san ba za su yi ɓarna ba. Ƙananan na'urorin juya HDMI zuwa VGA ma wasunsu na yin haka, ko su miƙa nasu bayanin maimakon na monitar. Canjin waya ɗaya yana gyara abin da mutum ya yi wata shida yana zargin monita a kansa. Idan monitar da kwamfutar duk suna da HDMI ko DVI ko DisplayPort, a bar VGA ta huta. In kuwa dole ce, bayan ka saita rezolushan ka danna maɓallin "Auto" da ke jikin monitar don ta daidaita kanta da siginar.

Masu amfani da talabijin a madadin monita, kuma suna da yawa a gidajen kallo da shagunan gem, nasu da ƙari. Yawancin talabijin masu inci 32 da aka rubuta wa "HD Ready" fuskarsu 1366 x 768 ce, amma suna karɓar siginar 1080, har su gaya wa kwamfuta ita suka fi so. Sai Windows ta tura 1920 x 1080, talabijin ya matse shi, rubutu ya zama kamar tafiyar tsutsa. Gwada 1366 x 768 ko 1360 x 768 ka ga bambanci. Sannan talabijin yana da ɗabi'ar yanke gefen hoto, ka nemi maɓallin Start ka rasa. Maganin yana cikin rimot kafin kwamfuta: a LG ana kiransa "Just Scan", a Samsung "Screen Fit". Idan talabijin ɗin ba shi da irin wannan, sannan ka koma saitin kati ka ɗan rage girman hoton.

Rubutu ya yi ƙanana

Dattawanmu 'yan canji da masu harkar kaya a Mile 12 da sauran kasuwanni, waɗanda ke wuni suna duba lissafi a Excel, su ne suka fi sauke rezolushan da gangan, wai don rubutu ya ƙara girma. Girman yana ƙaruwa, amma da dishi-dishi, ido ya wuni yana kokawa da shi. Hanyar da ta dace ita ce a bar rezolushan a na haihuwa, wanda Windows ke rubuta wa "Recommended", a je "Scale" da ke shafi ɗaya da shi a ɗaga daga 100% zuwa 125% ko 150%. Wannan ba miƙa hoto ba ne. Windows ce ke sake zana kowane harafi da ɗigo masu yawa, ya fito babba kuma tas. Sunan ne ya yi kama da na wancan, aikin ya sha bamban. Wasu tsofaffin manhajoji dai ba su iya binsa ba, su kaɗai za ka ga sun ɗan yi hazo.

Idan sikirin ya yi baƙi ana cikin gwaji, kada ka taɓa komai. Windows tana jiran daƙiƙa 15, idan ba ka amince ba ta koma inda take. Matsalar ita ce mai gaggawa da ke danna Enter a cikin duhu, ya amince da abin da bai gani ba. In hakan ta faru, gwada danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana farfaɗo da direban hoto. Idan bai yi ba, jona wata monita ko talabijin ka gyara daga can, ko ka shiga Safe Mode. Monita mai falle ba ta cika lalacewa saboda siginar da ba ta sani ba, ƙin nunawa kawai take yi.

Ga mai shirin shiga Computer Village a Ikeja ko Alaba sayen monita ta hannu: inci ba shi ne rezolushan ba. Akwai mai inci 19 da ke 1280 x 1024, siffar 5:4, kusan murabba'i. Akwai mai inci 19 da ke 1440 x 900, akwai mai 1366 x 768. A inci 22 za ka samu 1680 x 1050, za ka samu 1920 x 1080. Juya bayanta ka karanta lambar samfurin a jikin takardar, ka buga ta a wayarka ka ga na haihuwarta kafin a fara ciniki. Ka sa a jona ta, zai fi kyau da laftaf ɗinka da wayar da za ka tafi da ita gida, ka buɗe shafin nan mai layi biyu ka ga ko sunan monitar ya fito kuma lambobin sun yi daidai da abin da ka karanta. Sannan ka buɗe Paint, ka riƙe Shift ka ja da'ira, ka ɗora rula ko gefen katin ATM a kan gilashin ka auna tsayinta da faɗinta.